Ranar da Darninmu Ya Tafi Kasuwa

Kawu Rashidu ya dawo daga Yamai da baƙin tabarau, da rediyon da ba ta magana, da buhun siminti cike da wasu saiwoyi masu kama da dankalin da bai ji daɗin duniya ba. Ƙanen Innata ne. Gadi ya yi can a gidan wata Anasara, amma in kun ji shi a fada, majalisar masu shayi, yana zuba, sai ku rantse shi ke ba gwamna shawara.

Ni ba ni son labari mai dogon wuya, don haka ga abin da ya kamata ku sani. A ƙauyenmu, gefen gulbi kafin a kai Gidan Rumji, mata suna da garka, wato lambu, ta ƙungiya. Kowace da fangulanta na shuka. Na Inna su ne na bakin rijiya, waɗanda kowa ke sa wa ido, kuma albasa da shu, wato kabeji, da salatin wurin su ke riƙe gidanmu in hatsi ya yi ƙasa a rumbu. Garkar na neman mai gadi. Inna ta ja ƙanenta gaban Gwaggo Rukaiya, uwar ƙungiya.

Gwaggo ta dube shi daga tabarau har silifa. Ta ce, "Suwaiba, kin san ƙa'idarmu. Wadda ta kawo mai gadi ita ke tsaya mashi. In ya yi ɓarna, fangulanki za su biya."

"Na tsaya mashi," in ji Inna, muryarta ƙasa-ƙasa.

Kawu ya yi dariya. "Haba Gwaggo! Ni da na tsare gidan da karnukansa ke cin nama a faranti, akuya ce za ta gagare ni?"

"Akuyar garin nan ba ta je Yamai ba, ɗana, amma ta fi ka sanin hanya."

Darnin garkar na kara ne da ƙaya. Duk shekara in an gama girbi mata su ɗauko karan hatsi a ka, a yi gayya a sabunta shi, gara ta cinye, baɗi a sake. Kawu ya zagaya shi sau ɗaya, hannu a baya, ya dawo yana girgiza kai.

"Wanga aikin mutanen da ne," ya ce. "Kuna gina wa gara abinci kuna kiransa darni. Ni zan yi maku darni mai rai. Shi zai gyara kansa, shi zai ƙara tsawo, ga fure ga ƙamshi. A gidan Madam, shukar nan bango guda ta rufe. Ko ƙadangare sai ya nemi izini."

"Mene ne sunanta?" wata ta tambaya.

"Sunanta da Faransanci yake. Zai ji maki ciwo a harshe."

Da ruwan farko ya sauka, ya bi gindin darnin ya binne saiwoyin nan kaf. Sannan ya kira ni.

"Ke Fiddausi, an ce yanzu karatu ya zauna maki."

"Ya zauna, Kawu. Ko takardar da aka ƙunso ƙosai ba ta wuce ni."

Ya miƙo mani murfin tano, gangar ƙarfen nan, da ragowar fenti. "Rubuta: DARNIN ZAMANI. BA GYARA HAR ABADA. INJINIYA RASHIDU."

"Yaushe ka zama injiniya?"

"Fentin naki ne? Rubuta."

Na rubuta. Har na ja layi a ƙasa, ya yi kyau. Ya ɗaure shi a bakin ƙofa.

To, gaskiya dai gaskiya ce, abin ya fito. Damina ba ta raba ba sai da darnin ya ɓace cikin ganye, ganyen kamar ƴan tafukan hannu, furen ja-ja mai haske yana reto gungu-gungu. Ba mu taɓa ganin irinsa ba. Amare suna zuwa ɗaukar hoto. Wani saurayi ya taho tun daga Tibiri a kan babur don ya tsinka wa budurwarsa. Kawu ya kafa kujera a bakin ƙofa, ya ɗora ƙafa kan ƙafa, duk wanda ya zo sai ya sha bayani. Ranar farko daga gidan Madam ya samo irin. Da aka kwana biyu, jirgi ne ya kawo mashi daga Faransa. Kafin kaka, shi ya haɗa irin da kansa.

Aka yi girbi, mata suka taho gayya da ɗaurin kara a ka. Kawu ya tare ƙofa ya buɗe hannuwa.

"Ina za ku da wannan? Ku kai wa awakinku! An wuce wurin!"

Gwaggo Rukaiya ta soka sandarta cikin ganyen, sandar ta ƙi shiga. Mata suka dubi juna. Wa ke son gayyar darni? Ƙaya ta soke ka, kara ya yanke ka, wuya ya yi ciwo. Suka sauke kayan suna guɗa. Inna kaɗai ta tsaya.

"Rashidu, ka leƙa ƙarƙashi kuwa? Tsohon karan fa?"

"Yaya, mai babbar riga ba a tambayarsa me ke ciki."

Daga nan abu ya fara. Ruwan sama ya ɗauke, muka fara ban ruwa da guga, ita kuwa shukar Kawu ta ji ƙanshin laima. Na zo wata safiya na iske ta sauko daga darni ta kwanta cikin fangalin salati. Na cire. Washegari ta kama igiyar guga. Ta haye gwafannin rijiya, ta naɗe runfar da muke hutawa, ta tsallaka waje ta hau mangwaron Malam Sale, maƙwabcin garkar, tsoho mai gajeren haƙuri.

Malam Sale ya leƙo ta saman darni. "Rashidu! Zo ka kira ɗiyarka, ta hau mani mangwaro!"

"Malam, ado ta yi mashi, kuma kyauta."

"Ado nake ci? Bana ko huda bai yi ba! Jiya na ɗan kishingiɗa a gindinsa, kafin in farka ta kama mani carbi!"

"Ka gani? Har ibada take so."

"Abin da ke shiga gidan mutane ba sallama, ina ya san ibada?"

Shi ke nan ta samu suna: shiga-ba-sallama. Na tambayi Mushe Hassan, malaminmu a lakol, wato makarantar boko, ya ce asalinta wata ƙasa ce can ƙetaren teku, can tana da ƙwarin da ke cin ta, nan kuwa ba ta da maƙiyi ko ɗaya. Na ce tana da shi, sunansa Malam Sale.

Sai zuma. Ban san a ina suke ɓoye ba duk shekarun nan, amma da furen ya cika sai ga su kamar an yi shela. In kin duƙa jan ruwa suna bisa kanki, in kin ɗaga bidon ruwa suna bakinsa. Mata suka yi ca a kan Kawu.

"Da ma da su cikin tsarin," ya ce, ko gezau. "Kun zaci fure kawai na kawo? Darni a ƙasa, zuma a sama. Baɗi war haka da zuma za ku riƙa wanke hannu."

Ya samo amyoyi ya rataya a kusurwoyi, babbar kuwa ya ɗaure ta a gwafar rijiya, wai don ta ji sanyi. Da yamma muka gan shi ido ɗaya ya rufe, kunci ya yi suntum, tabarau ya ƙi zama a fuskarsa.

"Kawu, me ya same ka?"

"Gaisuwa ce. Sun gane mai gida."

Gwaggo Rukaiya ta ce ya rage shiga-ba-sallama ko ta rage shi. Ya ɗauki adda ya yi ta sara, ya tara tsibi ya fi shi tsawo, da fure da ƴaƴa da komai. Ina zai zuba? Ya duba, ya ga jujin takin da ƙungiya ke tarawa a bayan runfa, ya juye a kai, ya kwashi kashin awaki ya rufe don kada a ce ya bar ƙazanta. Mata suka zo suka ɗebi taki kamar kullum, kowace ta watsa a fangulanta, muka bi da ruwa safe da yamma kamar an sa mu.

Kai! Ba fangalin da ba ta fito ba. Cikin albasa, cikin shu, cikin tumatir. Ta shaƙe zogale. In kin tuge ta yau, jibi ta leƙo da ƙannenta. In kin haƙa sai ki iske saiwa ƙulu-ƙulu can ƙasa, in guntu ya saura sai ya ce ga ni.

Kawu ya ɗaga saiwa ɗaya sama. "Jama'a, arziki ya bi ku har gida kuna kuka? Wannan ai abinci ne! Manyan otel ke sayensa!"

Ya dafa a fada, ya ɓare gaban kowa, ya jefa baki. Ya yi ta tauna. Shayi ya nuna, aka sha na farko, yana tauna. Aka sha na biyu.

"Injiniya, yaya?" in ji Malam Sale.

Kawu ya haɗiye da ƙyar, idonsa mai lafiya ya kawo ruwa. "Yana riƙe ciki," ya ce.

Ranar nan Gwaggo ta tara ƙungiya. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta ce, "Jibi gayya. Da hannu za mu tsinke ta, reshe-reshe, a ƙone, a haƙe saiwa. In albasar bana ta tsira, to. In ba ta tsira ba, Suwaiba, ba sai na maimaita ba."

Inna ba ta ci tuwo ba ranar. Ta kira ƙanenta tsakar gida.

"Rashidu, don Allah, don darajar uwar da ta haife mu, kada ka ƙara wata dabara. Ka zauna. Zama kawai nake roƙonka."

"Yaya, in zuba ido mata su yi ta tsinka ɗaya-ɗaya kamar masu tsince shinkafa? A ce ina garin?"

"A ce kana garin. Zauna."

Washegari ranar kasuwarmu ce, kusan kowa ya tafi can, ni kaɗai ke ban ruwa ina ta sauri in gama. Sai na ji huci a bayana. Na waiga, ga Kawu da igiya mai kauri a kafaɗa, ga Jaye, Bafulatanin da ke sauke shanunsa a gonakin bayan garka don taki, yana janye da baƙin bijiminsa, Bale. Bale fa ba sa ba ne, ɗaki ne mai ƙafafu.

Jaye ya tsaya ya kasa kunne. Ya dubi amyar da ke gwafar rijiya. "Rashidu, Bale ba ya son zuma."

"Zuman nan sun san ni."

"Kai suka sani. Shi ba su san shi ba."

"Ja ɗaya ne, Jaye. Uwar saiwar na nan a kusurwa. In ta fito, sauran duk su biyo ta kamar zaren riga. Kafin mata su dawo kasuwa an gama, gobe su zo gayya su iske ba aiki."

Jaye ya saki igiyar hanci, ya ja da baya sosai, ya rataya sandarsa a wuya. "In ya gudu ni ba ni bin shi. Shi ke dawowa in ya huce."

"Kawu," na ce, "Inna ta ce ka zauna."

"Zan zauna. In na gama."

Na yar da guga na zuba da gudu. Na iske Inna da Gwaggo a bakin kasuwa, ban ma gaishe su ba, na ce, "Kawu! Bale! Igiya!" Inna ta saki tiren albasa. Muka juyo, mata na biye da mu.

Muna hango garkar, Kawu ya riga ya ɗaura igiyar a gindin wata kurangar shukar mai kaurin damtse, ɗaya bakin a wuyan Bale. Ragowar igiyar da ta yi saura kuwa, don kada ta ja ƙasa, ya naɗe ta a ƙugunsa. Ya hango mu, ya ɗaga hannu.

"Yawwa! Ku tsaya nan ku ga aikin ilimi!"

Inna ta ɗaga murya, "Rashidu, kada ka..."

Ya ɗaka wa Bale tafi a gindi.

Bale ya ja. Shiru. Ya ƙara ja. Darnin ya yi wata ƙara kamar tsoho zai tashi. Kurangar da ta naɗe gwafar rijiya ta miƙe tsam, gwafar ta sunkuya, amya ta faɗo tim ta fashe daidai ƙafafun Bale.

Ban taɓa sanin sa na iya tsalle da ƙafa huɗu ba.

Saiwar ba ta fito ba, ko motsi ba ta yi ba. Kurangar ce ta tsinke daga gindi, sauran kuwa suka biyo, kamar dai yadda Kawu ya faɗa. Abin da bai faɗa ba, ashe ƙarƙashin ganyen nan ba sauran kara ko ɗaya, gara ta gama da shi tuntuni. Furen ne kaɗai ke tsaye yana riƙe da kansa. Darnin garka guda ya tashi, gabas da arewa da yamma, ya bi Bale kamar ana janye tabarma. Runfa ta bi. Reshen mangwaron Malam Sale ya bi. Kawu ya ce "Innalillahi" sau ɗaya, tabarmar ta naɗe shi, ba mu ƙara ganin komai ba sai ƙafafu biyu da silifa ɗaya.

Bale ya miƙi hanyar kasuwa, zuma na bin shi, mu muna bin zuma.

Masu fura suka kwashi ƙorai. Mai tsire ya haye teburinsa. Wani baƙo ya ce, "Amarya ce ake kaiwa?" Aka ce da shi, "Injiniya ne!" Jakuna suka tsinke, kaji suka tashi sama, wata tsohuwa mai daddawa ta ƙi matsawa, darnin ya wuce ta bisa kanta ya bar mata fure a ɗankwali. A gindin tsamiyar mahauta igiya ta sarƙe ta tsinke. Bale ya wuce daji abinsa. Tulin furen ya tsaya tsakiyar kasuwa, murfin tanon nan na sama. Wani ɗan lakol ya karanta da ƙarfi, yana rarrabewa: "Ba... gya-ra... har... a-ba-da." Kasuwa ta fashe.

Tulin ya motsa. Kai ya fito, ba hula, ba tabarau, fure a kunne, ganye a baki. Kawu ya tofar, ya dubi jama'a.

"Kun dai ga ƙarfinsa," ya ce. "Da na kara ne, da tun a hanya ya watse."

Lokacin ne Gwaggo ta dafe ƙirji ta ce, "Awaki!"

Garka tsirara, ranar kasuwa, awakin gari da na baƙi. Kafin mu kai sun shiga kamar an gayyace su suna. Muka bi su da zannuwa, da guga, da takalma. Ki kori wannan, waccan ta shigo ta inda da can bango ne. Inna ta tsaya tsakiyar albasarta da muciyar wata mai tuwo tana juyi kamar ƴar dambe. Salati ya tafi. Shu ya tafi. Zogale ya zama sanduna. Ita kuwa shiga-ba-sallama da ke cikin fangula, sun shinshina sun bar mana kayanmu.

Da la'asar aka zauna ƙarƙashin abin da ya saura na mangwaron Malam Sale. Kawu na gefe an shafe shi da toka saboda harbi. Mata na ta faɗa, kowace na kiran abin da ta rasa.

"A karɓe fangulan! Ƙa'ida ce!"

"Ya koma inda ya fito, ya tafi da ɗiyarsa!"

Inna ta miƙe. Idonta ya yi ja amma ba ta yi kuka ba. "Na ce na tsaya mashi. Ban janye ba. Ku yi abin da ƙa'ida ta ce."

Na tuna rumbunmu, na san inda hatsin ya tsaya.

Gwaggo Rukaiya ta daɗe tana zana ƙasa da sandarta. Can ta ɗago.

"In mun karɓe fangulan Suwaiba mun kore shi, sai me? Ya hau mota ya koma Yamai ya sayi sabon tabarau, mu mu zauna da saiwa? A'a. Ba inda za shi." Ta nuna shi da sanda. "Darni, kai za ka gina, da kara da ƙaya, irin na mutanen da. Saiwa, kai za ka haƙe, kullum safiya. Muddin kana haƙa, Suwaiba na bakin rijiya. Safiyar da aka duba ba a gan ka ba, ranar fangulanta sun tashi."

"Har yaushe, Gwaggo?" Kawu ya tambaya da kumburarren baki.

"Har ta ƙare."

Malam Sale ya yi dariya har ya faɗi daga tabarma.

To, fangulan na hannunmu har yau. Shiga-ba-sallama ma tana nan, ta ma tsallaka gulbi, an ce an gan ta a bayan makabarta. Abin da ya ƙaru kawai shi ne aikina: bayan jan ruwa da lakol, ni ke farautar Kawu kowace safiya, don Inna ba ta yarda da ƙafafunsa ba.

Shekaranjiya na same shi a fada ya tsare wani baƙo mai sayen albasa.

"Ni da tuni na koma Yamai," yake cewa, "ana ta kira na. To mata sun yi taro guda a kaina, sun ce garkar ba ta yiwuwa in ba ni. Kullum sai an aiko takanas a ɗauke ni. Ka gani, ga ƴar aiken nan ma."

Na miƙa mashi dagi. "Kawu, ta fito a fangalin Gwaggo. Gwaggo na tsaye a wurin, ta ce in ta gama carbin da ke hannunta ba ta gan ka ba, za ta kira Inna."

Ya juya ga baƙon yana murmushi. "Ka ji ko? Ba su iya komai in ba ni."

Ya miƙe a hankali, ya gyara riga, ya yi taku na manya har kwanar masallaci. Daga nan sai ƙura.